Haɗa wuski ba algus ba ne

Wani rahoto ya ce giyar wuskin da aka rubuta wa "single malt" ita ce tsantsa, haɗaɗɗen wuski kuma na baya ne, amma marubucin bai bincika da kyau ba. Abin da sunan ke nufi kawai shi ne daga masana'anta ɗaya wuskin ya fito, kuma da tsiron sha'ir zalla aka yi shi. Shi ma yawanci sai an gauraya ganguna da yawa kafin a cika kwalba. Haɗaɗɗen kuwa na sha'ir ne ake cuɗawa da na alkama ko masara, wanda ya yawaita bayan wani ɗan ƙasar Ireland, Aeneas Coffey, ya yi rajistar tukunyar tace giya da ya ƙirƙira a 1830, dokar Birtaniya ta 1860 kuma ta buɗe ƙofar haɗawar. Kai mai cewa haɗa wuski algus ne, ka san doka ba ta yarda a kira shi Scotch, wato wuskin Sikotland, ba sai ya shekara 3 a gangar katako? In ka ga 12 a jikin kwalba, shekarun mafi ƙanƙanta ne a cikin haɗin. Gwanin haɗin ma da hanci yake yawancin aikinsa, kamar mai haɗa humra: ya sirka da ruwa, ya shinshina, ya gane wannan mai warin hayaƙi na tsibirin Islay da ke Sikotland ne, wancan mai ɗan zaƙi ya kwana a tsohuwar gangar bourbon, wato wuskin Amurka. Kowace ganga da halinta, amma dole ɗanɗanon bana ya zo daidai da na bara. Me ya sa rahoton bai tambayi ko mutum ɗaya mai wannan sana'a ba?