Asabar Ɗina Ta Zama Ta Oga

Wai yaushe mutum zai huta ne? Yau wata uku ke nan ban yi kwanan Asabar ba. Daren Juma'a ina cikin cin tuwo oga zai bugo: "Gobe ka leƙo, ɗan aiki ne kaɗan." Kaɗan ɗin nan sai an kira Magariba ina Gombe, gaban kwamfuta, ko sisi ba a ƙara mini.

Makon jiya aka ɗaura auren ƙanena a Kumo, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Ban je ba. Inna ta bugo, ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Allah ya yi maka albarka." Wallahi gara ta zage ni.

Wankina ma yana nan jibge a bayan ƙofa.