Ashe waƙa ta kunne ce

Abin da kuka rubuto cewa matasa sun fara cika zauren karatun waƙa gaskiya ne, ni shaida ne. Watan jiya abokina ya ja ni wani zama a nan Kano, na je ne kawai don kar ya ce na ƙi. A sakandare mun haddace ƙwar biyar (baiti mai layi biyar) da amsa-amo (sautin da baitoci ke direwa da shi) don cin jarabawa, ban taɓa jin daɗinsu ba. Sai ga wani dattijo ya miƙe, ba kiɗa ba lasifika, yana rera ta'aziyyar matarsa. Kowane baiti da "na" yake direwa, mu kuma muna karɓar amshi. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Sai dai masu jawabin buɗe taro sun cinye mana rabin lokacin.