Kafintan da ya zana fadar White House

'Yan uwana matasa, musamman masu karatun zanen gine-gine, akwai ɗabi'ar da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro ya iya jan layi a kwamfuta, amma da an ce ya je wurin gini ya tsaya tare da birkila da kafinta sai ya ɓata rai, wai an ƙasƙantar da shi. Ku dubi James Hoban.

Ɗan ƙauye ne daga yankin Kilkenny a ƙasar Ayilan, an haife shi wajajen 1755. Aikin kafinta da haɗa ƙafar keken doki ya fara koya, hannunsa ya saba da zarto da guduma tun kafin ya riƙe alƙalamin zane. Daga baya ya shiga makarantar zane a Dublin, inda ya ci lambar yabo a 1780 kan zanen matakalar bene da rufin gida, irin abubuwan da ku kuke rainawa.

Ya yi ƙaura zuwa Amurka, kuma a 1792 zanensa ya lashe gasar gina gidan shugaban ƙasa, wato White House, aka ba shi dala 500. Fasalin ya ɗauko daga Leinster House na Dublin, inda majalisar dokokin Ayilan ke zama yau. Bai miƙa takarda ya kama gabansa ba. Shi ya tsaya a kan aikin har shugaban ƙasa John Adams ya tare a 1800.

A 1814 sojojin Birtaniya suka banka wa gidan wuta. Da aka tashi gyara, shi aka sake nema, domin ya san kowane bango da kowane katako na ginin. A 1817 shugaban ƙasa James Monroe ya shiga. Hoban bai rabu da gidan ba, ya ƙara barandar kudu a 1824, ta arewa kuma aka kammala a 1830, kafin rasuwarsa a 1831. Ku faɗa mini tsakani da Allah, wanda bai taɓa shaƙar ƙurar siminti ba, wa zai damƙa masa irin wannan amana?

Sai dai kada ku kwaikwaye shi a komai. Hoban ya mallaki bayi, kuma wasu kafintocin da suka yi gumi a ginin bayinsa ne, cikinsu akwai Ben da Daniel da Peter. Ladan aikinsu aljihunsa ya shiga. Duk ranar da Allah ya sa lebura a ƙarƙashinku, ku biya shi haƙƙinsa a hannunsa.