Yadda muka shanye arzikin Ayi a shayi

Tun da Bazazzagi, abokin zamana, ya riga ya kai labarin lemun mai gidanmu guruf da ƙarin gishirinsa, gara ku ji daga bakin mai shi. Kuma tun yanzu a rubuta a ajiye: ba ni kaɗai na sha lemun nan ba. Mu biyar ne.

Kun san gidan da muke haya a Xiaobei, nan Guangzhou, hawa na shida ba lifta. Kun kuma san mai gidan, tsohuwar da muke ce wa Ayi. To ranar Laraba, saura kwana uku bikin bazara na 2024, wato bikin sabuwar shekarar Sinawa, sai ga ta da ɗanta niƙi-niƙi da kaya: jajayen takardu, bokiti, tsumma, da wata 'yar bishiyar lemu a tukunya da suka sayo a kasuwar furanni. Wai wani masanin feng shui ne ya ce mata ta gidan nan arzikin ɗanta yake yoyo. Ranar kuwa dama ita ce 28 ga watan ƙarshe a kalandarsu, ranar da mutanen Guangdong, lardin da Guangzhou take, ke yi wa gida wankan tsarki kafin sabuwar shekara.

Feng shui ɗin, in an fassara, iska da ruwa ne kawai. Suna cewa akwai wani ƙarfi mai suna ci da ke yawo cikin gida kamar iska, in ka tsara kayanka daidai ya zauna, in ka yi kuskure ya bi ta ƙofa ya tafi. Cikin awa biyu Ayi ta juya mana gida. Gadona da ƙafafunsa ke kallon ƙofa ta ja shi gefe, wai haka ake fita da gawa. Madubin da ke fuskantar ƙofar shigowa ta cire, wai yana mayar da alheri waje tun bai zauna ba. Bishiyar kuma ta kai ta lungun da ke can nesa da ƙofa a karkace, lungun dukiya ke nan, ta rataya mata jajayen ambulan. Lemun ƙanana ne, ba su kai ƙwan zabo ba, sun yi jawur sun cika reshe har yana ranƙwafawa.

Inda na fara jawo wa kaina shi ne wajen darduma. Dardumata irin mai kamfas ɗin nan ce, don a Sin yamma ce gabas, kuma har yau in na tashi asuba jikina sai ya nemi juyawa wancan ɓarin. Ayi na ganin kamfas sai fuskarta ta washe. Su ma masanansu da kamfas suke aiki, wani faifai mai zobba da rubuce-rubuce da ake kira luopan. Ta nuna kamfas, ta nuna ni, ta ɗaga babban yatsa. Daga nan duk bayanin da za ta yi ni take yi wa, a matsayin ɗan'uwa a sana'a. Ni kuma ina ta gyaɗa kai ina "hao, hao". Sinancina na kasuwa ne: nawa ne, ya yi tsada, rage, gobe. Shi ke nan jarina shekara uku.

Bazazzagi yana tsaye a wurin. Ina so a riƙe wannan. Mutumin da ya yi shekara biyar yana karatu a ƙasar nan, yana jin Sinanci har da na Guangdong ɗin da Ayi ke yi in ta yi sauri, yana tsaye jikin firji yana latsa waya. Da suka tafi na ce, "Bazazzagi, me ta ce?"

Ya ce, "Cewa ta yi a riƙa ba bishiyar ruwa."

Bayanin minti arba'in.

Da daddare na fito zan kulle ƙofa sai na ga jar takardar da ta manna a tsakiya, mai babban harafi ɗaya, a kife take. Ko ban iya karatu ba ai na san kifaffen abu, don hoton yaran da ke gefen harafin kansu ƙasa yake kallo. Na ce Allah sarki, tsufa, ido ya tafi. Na ɓanɓare a hankali na juya ta daidai, har da ƙara salatif. Na kwanta ina jin na yi aikin lada.

Wanda bai taɓa yin bikin bazara a Sin ba ba zai gane yunwar da ke cikinsa ba. Masana'antu a rufe, kasuwar Sanyuanli a rufe, garin da ba a samun wurin sa ƙafa ya koma kamar Kantin Kwari ranar Sallah. Masu shagon taliyar halal ɗin da ke ƙasanmu, Musulmin Sin ne 'yan arewa maso yamma, su ma sun ja ƙofa sun tafi garinsu. Saboda haka daren jajibiri duk wanda bai samu tikitin gida ba a ɗakinmu ya tare: ɗan Maraɗi, Alhajin shadda, da yaron nan mai harkar kwantena. Muka dafa shinkafa da mai da yaji, aka ɗora shayi. Alhajin shadda ya ce shi mura ke damunsa, ba lemun tsami? Babu. Sai idon ɗan Maraɗi ya sauka lungun dukiya.

Ni na tsinki na farko, ban musa ba. Tsami kamar tsamiyar da ba ta nuna ba, amma a shayi da sukari, wallahi abin ba a magana. Flas na farko ya tafi, na biyu ya bi. Alhajin shadda ya ce hancinsa ya buɗe. Yaron kwantena ya gano in ka dangwala a yaji ma yana tafiya. Bazazzagi shi kaɗai ya sha kofi huɗu, kuma ina kallonsa yana zaɓen manyan. Kafin ƙarfe ɗaya na dare bishiya ta koma ganye da ambulan, sai lemu uku can ƙasa da ba su nuna ba.

Asabar 10 ga Fabrairu, ranar sabuwar shekara. Na tashi na ga falo kaca-kaca da ɓawo da 'ya'yan lemu. Ni kuma tarbiyyar Hajiya ce, ba na iya ganin datti da safe. Daga ni sai singileti da gajeren wando, na buɗe ƙofa, na ɗauki tsintsiya, na taro ɓawon nan tun daga lungun dukiya har bakin ƙofa. Niyyata in fitar da shi baranda in kwashe a leda. Na ja tsintsiya baya, na ba shi shara ɗaya mai kyau, irin wadda ake sa ƙugu.

A kan takalmin mijin Ayi ya sauka.

Sabon takalmi, baƙi, yana sheƙi. Na bi takalmin da kallo zuwa sama. Mutum biyar ne a bakin ƙofa, suna haki saboda hawa shida: tsohon, Ayi cikin jar riga mai auduga, ɗanta, matar ɗan, da jikanta 'yar shekara biyar da aka yi wa kitso biyu da jan ƙyalle. Dukkansu da murmushin barka da Sallah a fuska, kuma na ga yadda murmushin nan ya riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, daga dama zuwa hagu, kamar ana kashe fitilun layi.

Ayi ba ta ce komai ba. Ta dubi ɓawon. Ta sunkuya, da tsufanta, ta ɗauki guda ta juya shi a hannu. Ta dubi tsintsiyar da ke hannuna. Ta ɗaga kai ta dubi ƙofa, ta ga takardarta tsaye ƙyam da sabon salatif. Ta ɗan karkata kai kamar mai son ta tabbatar ba idonta ba ne. Sannan ta leƙa ta ƙarƙashin hammatata, don gajeriya ce, ta hango bishiya. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, "aiyaaa", dogo, siriri, irin na wanda aka ce masa kwantenarsa ta faɗa teku.

A nan ne ya kamata in yi gaisuwar shekara. Na san ta. Sati guda ina haddace ta a banɗaki: gung hei fat coi. Na buɗe baki, tsintsiya a hannu, singileti a jiki, mutum biyar suna kallona, abin da ya fito shi ne:

"Duo shao qian?"

Nawa ne.

Na rantse ban san daga inda ta fito ba. Bakin ɗan kasuwa ne, in ya rikice inda ya saba yake komawa. Wataƙila zuciyata na nufin nawa ne bishiyar in biya. Amma a kunnensu, mutum ya cinye musu arzikin shekara, ya share ragowar waje, ya watsa wa maigida a ƙafa, sannan ya tsaya yana taya su. Matar ɗan ta sa hannu ta rufe baki. Tsohon ya ɗaga ƙafa ɗaya ya karkaɗe, wani ɓawo ya maƙale a igiyar takalmin ya ƙi sauka. Ni da shi muka tsaya muna kallon ɓawon nan tare.

Sai Ayi ta karɓe tsintsiyar daga hannuna, a hankali, yadda ake karɓe wuƙa a hannun yaro. Ta shiga sharo ɓawon nan daga baranda zuwa cikin gida. Ɗaya bayan ɗaya. Har na kan igiyar takalmin sai da ta cire ta jefa ciki. Ta kai shi lungun dukiya ta tara a gindin tukunya, ta jingine tsintsiyar a bayan firji, ta nuna ni, ta nuna tsintsiya, ta kaɗa yatsa. Wannan kam ban nemi tafinta ba.

Ina cewa an gama, sai jikar ta matso ta haɗa hannu biyu ta yi gaisuwar da ta gagare ni, tas, ta tsaya tana jira. A al'adarsu mai aure ne ke ba yara da marasa aure jan ambulan da 'yan kuɗi, lai si suke ce masa, kamar dai goron Sallah. Ayi kuwa ta san ina da iyali a Kano. Na ruga ɗaki, na ciro ambulan ɗaya daga jikin bishiyar, a gaban idonta, na lalubo 'yan yuwan goma-goma guda huɗu a aljihun jallabiya na cusa. Yarinya ta kai wa uwarta. Uwar ta leƙa, ta ƙirga, ta dubi mijinta. Huɗu a bakinsu kusan sautinsa ɗaya da mutuwa, shi ya sa wasu benayen ma ba su da hawa na huɗu a lifta. Wannan na sani tun tuni, duk ɗan kasuwa ya sani. Kaina ne ya riga ya bar jikina.

Duk wannan abu ina Bazazzagi? Yana ƙofar ɗakinsa, an buɗe ta kamar faɗin yatsa biyu, ina hango ido ɗaya da gefen waya. Sai da aka gama ya fito fes cikin kaftani, har da hula, ya haɗa hannu ya zuba musu gaisuwa mai tsawo, ya miƙa wa yarinya ambulan da ya tanada tun sati guda. Ashe ya tanada! Ayi ta dafa shi tana magana tana nuna ni, shi kuma yana girgiza kai cikin jimami, kamar wanda aka haɗa shi zama da jarrabawa. Kofi huɗu.

Bayan sun tafi ne ilimi ya zubo. Wai sunan lemun a yaren Guangdong, gat, sautinsa ɗaya da sa'a, don haka bishiyar ado ce, ba a taɓawa sai biki ya wuce. Wai harafin ƙofa fu ne, albarka, da gangan ake kife shi, saboda kalmar kifewa da ta isowa duk dao ake cewa, ma'ana albarka ta iso. Wai ba a shara ranar farko, in ta kama dole a share ciki. Har da gyara min: gado da madubi da lungu su ne feng shui, sauran al'adar biki ce, kada in haɗa su. Na ce yanzu da ka san duk wannan, me ya hana ka faɗa ranar Laraba? Ya ce ai ya ga ni da Ayi mun fahimci juna, malami da malama, bai so ya shiga tsakani.

Mutumin nan fa ni na ɗauko shi daga filin jirgin Baiyun da ya dawo bara, ni na biya tasi. Yuwan 300 da ya ara tun baje kolin Canton na watan Oktoba har yau ana "kuɗi na kan hanya". Cajar wayata tana ɗakinsa. Amma Kanawa aka ce su ne masu wayo.

Ni dai ban yarda tukunyar lemu na kawo arziki ba, arziki na Allah ne, kuma na faɗa wa Bazazzagi ya fassara mata hakan cikin ladabi, ya ce ba da shi ba. Sai dai da na ba Hajiya labari a waya ina neman mai taya ni, cewa ta yi, "To kai ma, wa ya aike ka? Mu nan ka taɓa ganin na bari an yi shara da dare?" Ta goyi bayan Ayi. Har ta ce in gaishe ta.

Ɓawon nan kwana biyar ya yi a lungun dukiya. Ɗan Ayi ya turo saƙo ta WeChat, na danna fassara, ta fito min da: uwa ta ce kada a motsa dukiya. Ya kuma ƙara da tambayar ko cikinmu lafiya, don irin waɗannan bishiyoyin ana fesa musu magani su daɗe da kyau. Alhajin shadda bai fito ba kwana biyu, amma ya ce murar ta tafi.

Ƙarfe huɗu na asubahin Litinin muka taru kallon wasan ƙarshe na kofin Afirka, Najeriya da Kwaddibuwa. Troost-Ekong ya ci, muka yi ihu har maƙwabci ya buga bango. Kessie ya farke, Haller ya ƙara. 2 da 1. Ɗaki ya yi tsit, sai Bazazzagi ya juyo ya dubi tsintsiyar bayan firji, ya dube ni, ya ce, "Bakano, har Abijan sharar nan ta kai."

Bishiyar tana nan, ina ba ta ruwa, ta yi sabon ganye amma ba ta sake 'ya'ya ba. Gadon ma ban mayar da shi ba, nauyi gare shi. In wani zai zo daga Kano cikin watan nan ya taho min da yajin ƙuli, namu ya ƙare tun daren.