Sukarin kyauta

Ni dai Turancina na sakandare ne, kuma kalma ɗaya da na riƙe da kyau ita ce free, wato kyauta. Tun ina yaro nake jin Baba yana cewa su 'yan free education ne, wato shirin gwamnati na ilimin firamare ga kowa, UPE ta 1976, ko sisi ba a biya musu ba. To kun ga ai magana ta ƙare.

Ranar Asabar Kawu ya kira ni, likita ya hana shi zaƙi saboda ciwon suga, ya ce ɗana ka shiga babban kanti ka sayo min biskit wanda aka rubuta sugar free a jiki. Ina hanya ina lissafi, na ce oh ashe kamfanin har kyautar sukari suke haɗawa, Kawu kuwa ba ya sha, kenan rabona ne ya tsaga. Nan take na buga wa uwargida na ce kar ki aiki yaro shago, yau sukari na nan tafe.

Na ɗauki kwali biyu don kyautar ta yi kauri, na biya, yarinyar da ke kanta ta sa min a leda ta miƙo, ni kuwa na tsaya ƙyam. Ta ce Alhaji akwai wani abu ne? Na ce sukarina. Ta ce wane sukari? Na juya kwalin na ɗora yatsa a kan rubutun, har da ɗaga murya wai ni ba za a cuce ni ba, ga layi ya taru a bayana kowa ya zuba ido.

Wani dattijo mai tabarau ne ya ja ni gefe, da alama tsohon malamin makaranta ne don sai da ya gyara murya. Ya ce ɗana, idan free ta biyo bayan sunan abu to nufinta babu shi a ciki, kamar bashin interest free da babu kuɗin ruwa, ko duty free na filin jirgi da ba a ɗora wa haraji, amma kuɗin kaya sai ka biya. Ya ce idan aka tambaye ka are you free, ana nufin ba ka da uzuri ne, sannan ga ta 'yanci, shi ya sa babban birnin Saliyo ake ce masa Freetown, garin 'yantattun bayi. Ni dai wallahi ƙofa kawai nake hange, shi kuma ya samu ɗalibi har ya fara shiga free kick.

Matsalar uwargida na jira. Dole na tsaya wajen mai shagon unguwa na auno rabin mudu da kuɗina, na shiga gida na dire na ce ga kyautar kamfani. Ta yi ta sa musu albarka.

Jiya ta ce tunda azumi ya matso, in tambayi Kawu ko biskit ɗinsa ya kusa ƙarewa, wannan karon in sayo kwali huɗu.