Bayan Guguwa, Me Ya Sa Wutarsu Ke Riga Tamu Dawowa?

Mutane da yawa a gida Najeriya sun ɗauka a Amurka ba a ɗauke wuta. Ana ɗaukewa, in kuwa guguwa ta zo da gaske sai gari ya yi baƙi ƙirin. A 2012 guguwar Sandy ta jefa gidaje da shaguna sama da miliyan 8 cikin duhu. A 2017 guguwar Maria ta rugurguza layukan tsibirin Fuwato Riko da ke ƙarƙashin Amurka, aka kwashe kusan wata 11 kafin wuta ta koma wa kowa. Layukan unguwanni a nan Amurka galibi a sama suke, kan turakun katako. Iska ba ta san Bature ba.

Bambancin yana farawa ne tun kafin hadari ya haɗo. Da zarar masu hasashen yanayi sun ce guguwa na tafe, kamfanonin wuta na wasu jihohi kan turo ma'aikata da motoci su yi sansani kusa da inda za ta sauka, da turaku da waya da taransifomomi a shirye. Yarjejeniyar taimakon juna ce a tsakaninsu. Gyaran kuma bi da bi yake: manyan layukan dako da tashoshinsu, sai asibitoci da gidan ruwa, sai layin da ya fi ɗaukar jama'a, wayar da ta shiga gida ɗaya ita ce ta ƙarshe. Ba a duba unguwar wane ce.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aka tsara layin kansa. A nan ƙaramar taransifoma mai 25 ko 50kVA (ma'aunin ƙarfin taransifoma) ce rataye a kan turke, tana ba gidaje kaɗan wuta. In ta ƙone, su kaɗai ke kwana a duhu, kuma mota ɗaya mai ƙugiya ta isa ta sauya ta. A Najeriya kuwa taransifoma ɗaya mai 300 ko 500kVA ce ke ɗauke da unguwa guda, ga lodi ya yi mata yawa tun kafin damina. Tsawa ɗaya ta faɗa mata, shi ke nan, sai a shiga karo-karo gida-gida, alhali hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta sha faɗa cewa gyaran taransifoma da turaku nauyin kamfanin rarraba wuta ne.

Sannan akwai na'urar da ke yanke wuta ta mayar da kanta. Reshe ya taɓa waya, ta yanke na 'yan daƙiƙu, ta sake gwadawa sau biyu ko uku. In reshen ya faɗi, wuta ta ci gaba. Shi ya sa za ka ga fitila ta ƙifta ta dawo. Inda babu ita, sai wani ya bi dogon layin 33kV, wato mai ƙarfin volt dubu 33, yana duba turke bayan turke.

Yawancin ɓarnar iskar farkon damina a Arewa ƙananan sakaci ne ke jawo ta, kuma abin na ci min rai. Turke na son a binne kusan kashi ɗaya cikin shida na tsawonsa. Mai mita 10 ke nan ya shiga ƙasa fiye da mita ɗaya da rabi, a dandaƙe ƙasar sosai. Turken kwana da na ƙarshen layi dole a ɗaure su da wayar da ke riƙe su a ƙasa, in babu ita ɗaya ya faɗi sai ya ja 'yan uwansa. Fiyus in ya tsinke, a sa daidai awonsa. Ɗaura masa waya mai kauri na nufin taransifomar ce za ta ƙone a madadinsa. Na'urar kare tsawa kuma ba ta da amfani in an sace wayar da ke kai wutar cikin ƙasa. Sassabe rassan itatuwa aikin rani ne, ba na bayan ruwan farko ba.

A ɓangaren wayar salula fa, gaskiya a faɗe ta, muna da abin da muka fi su. Hasumiyoyin sadarwa a Najeriya sun saba rayuwa ba wutar gwamnati: janareto, batura, wasu har da sola. Don haka turaku na kwance amma kira na shiga. A Amurka hasumiyoyi da yawa sun dogara da wutar gari da baturan da ke riƙe sa'o'i kaɗan. Bayan Maria kusan kashi 95 cikin 100 na hasumiyoyin tsibirin sun daina aiki, kuma sai a 2020 jihar Kalifoniya ta wajabta tanadin wutar sa'a 72 a yankunan da gobarar daji ta fi yi wa barazana. Tsohuwar wayar tarho ta tagulla daga ofishin kamfani take samun wutarta, shi ya sa take aiki ko an ɗauke wuta. Ta faiba da ta maye gurbinta kuwa, in babu batir a gida, tare da fitila take mutuwa. Raunin namu shi ne dizal in ruwa ya datse hanya, da wayar faiba da zaizaya ko masu aikin titi ke tsinkawa.

Duk mai kunna janareto bayan guguwa ya tabbatar makunnin da ke raba gidansa da layin waje yana aiki. In ba haka ba wutarsa za ta bi waya ta koma taransifoma, ta fito ɗaya ɓangaren da ƙarfin 11kV, a daidai lokacin da wani ke kan turke yana gyara.