Wai "bai yi kama ba"

Tun shekaranjiya abin da nake gani ke nan a ƙarƙashin zanen da wata yarinya ta yi ta ɗora a shafinta, na masu tallar fura a kasuwar Wunti da ke Bauchi. Bai yi kama ba. Wuyan ya yi tsawo. Fuska ba ido ba hanci. Wai tun yaushe mutum ya zama shuɗi. Har wani babba da gemunsa ya rubuta cewa ɗansa ɗan aji uku na firamare zai zana wanda ya fi wannan. To madalla Alhaji, Allah ya raya mana shi, a saya masa fenti mu sha kallo. Yarinya ta sauke zanenta ta yi shiru, ku kuma kun yi dariyarku kun wuce, a ganinku kun gyara duniya.

Magana ɗaya gare ni, kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji: kama ba ita ce ma'aunin zane ba. In kama kake so, ga waya nan a aljihunka, ka je Wunti ka roƙi matan izini ka ɗauke su hoto, za ka samu ido da hanci har da ƙudan da ke kan faifan. Tun 1839 aka fito da hanyar ɗaukar hoto a Faransa, tun daga lokacin aikin kwafo fuska ya fara barin hannun mai zane. An kusa shekara 200, amma mu a nan har yau babban yabon da muka iya shi ne "kai, kamar hoto!"

Abin da ya fi ba ni haushi, masu wannan surutun sanye suke da amsar a jikinsu. Malam, aska takwas ɗin da ke ƙirjin babbar rigarka, da askar wane wanzami ta yi kama? Dagin Arewa da ke jikin ƙofarka da hularka da bayan motarka, hoton wane ne? Zanen da magina ke yi a fuskar soro, da zankwayen da ke tsaye a kan katanga, me suka kwaikwaya? Ba ka taɓa mayar wa maɗinki riga ka ce aikin bai yi kama ba. Abin da kake dubawa shi ne ko zaren ya kwanta, ko wannan gefen ya amsa wancan, ko launin zaren ya hau shaddar. Wato ka san layi, ka san launi, ka san daidaito, kana ma biyan kuɗi mai tsoka a kansu. Sai da aka ɗauko su aka ɗora a kan allon zane ka rikice ka koma neman hanci.

Ciro naira 20 ka juya bayanta. Matar da ke ginin tukunya a jikinta, Ladi Kwali ce. Je ka nemi hotunan tukwanenta ka ga ƙadangaru da kunamu da kifayen da take zanawa a jikinsu. Babu ƙadangaren da ya taɓa hawa katangar gidanku da irin wannan siffa, ta baje shi ta cika cikinsa da layuka don ya zauna daidai da cikin tukunyar. Da a zamanin Facebook ta zo, da kun kore ta ita ma. Ko nan gida, a Geji ta ƙaramar hukumar Toro, da kuma Shira, akwai zanen dabbobi a jikin duwatsu da mutanen da suka riga mu suka bari, 'yan layuka ne da jan launi, amma da ka gani ka san dabba ce mai rai. Su ma sai ku je ku gaya musu bai yi kama ba.

Idan maroƙi ya ce wa mutum giwa, ba wanda ke leƙa fuskarsa yana neman haure. Kowa ya gane girma ake nufi. To wuyan da yarinyar nan ta ja, irin wannan maganar ce, da fenti kawai ta yi ta.

Bari in gaya muku abin da ni na gani, tunda na tsaya na kalla kafin in buɗe baki. Mata uku ne a jere, kowacce da ƙwarya a ka, kuma tsawon wuyan shi ke jan idonka daga ƙasa ya kai shi kan ƙwaryar, har ka ji nauyin kayan a naka wuyan. Ta yi jikinsu shuɗi mai duhu ne don farin nonon ya fito, domin fari ba ya haske sai yana kusa da abin da ya fi shi duhu, duk mai zaɓar zaren aiki ya san wannan. Ta biyun ta ɗan fi ta farko gajarta, ta ukun ta ɗan karkata, shi ya sa suke kamar suna tafiya maimakon su tsaya ƙiƙam. Gefen hagu ta bar shi fili, ba ta sa komai ba, kuma nan ne suka dosa, wato da sauran tafiya a gabansu. Shi kansa filin da aka bari aiki yake yi, ba fenti ne ya ƙare mata ba. Batun fuska kuwa, ku gaya min gaskiya tsakaninku da Allah, matar da kuka sayi fura a wurinta makon jiya, za ku iya siffanta fuskarta? Ƙwaryar kuka kalla da ludayin da canjinku. Yarinyar ta zana su yadda muke ganinsu ne, kuma ni a nan ne zanen ya taɓa ni.

Ba wai zanen ba shi da aibu ba ne. Yana da shi. Gefen dama ya yi nauyi, ta cusa rumfuna da yawa har sun fara janye ido daga matan, kuma hannun ta tsakiyar bai san inda zai sauka ba. Wannan ita ce suka, wadda za ta ɗauka ta yi amfani da ita gobe. "Bai yi kama ba" ba suka ba ce, sanarwa ce cewa ba ka kalla ba.

Na san za a ce min ra'ayi riga, kowa da irin tasa. Na yarda, ka ce bai burge ka ba, wannan haƙƙinka ne, ba wanda zai kai ka kotu. Amma "bai burge ni ba" daban, "ba ta iya ba" daban, na biyun hukunci ne, kuma hukunci sai da sani. Masu cewa wannan shirmen Turawa ne kuma, ku binciki inda Picasso, shahararren mai zanen nan na Turai, ya samo fuskokin da ya zana a 1907, sassaƙen Afirka ya gani a Faris ya ɗauka. Kayanmu ne aka kai can aka dawo mana da shi, mu kuma muna yi masa kallon baƙo. A Zariya ma tun 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya don su dawo da zane kan salon gida. Masu batun hukuncin zanen mai rai, wannan fagen malamai ne, ba na shiga. Sai dai na lura wasu da suka kawo wannan maganar su ne kuma suka fi kowa ƙorafin ba a sa ido da hanci ba. Ku zaɓi ɗaya mana.

Mu da muke garin da kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, bai kamata a ce sai an yi mana wannan bayanin ba. Ka shiga ta hanya mai duhu, haske na ɗan leƙowa, ka yi ta tafiya har ka fito fili babu rufi, sama kawai. Babu mutum-mutumin kowa a wannan hanyar, amma duk wanda ya bi ta ya ji abin da ake gaya masa game da mulkin mallaka da 'yancin kai. Duhu da haske da sarari kaɗai aka yi aikin da su. Haka gidan Madaki da ke Kafin Madaki, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajajen 1860, ka ɗaga kai ka kalli yadda bakan gizo ke tashi daga bango su haɗu a sama, laka da azara ne kawai, amma sai ka ji ka rage murya. Da me ya yi kama? Da kansa.

Ƙanwata, in wannan rubutun ya iso gare ki, don Allah ki mayar da zanen nan shafinki. Ki rage rumfunan, ki bar wuyan yadda yake.

Af, tunda ana maganar launi, masu fentin gidaje na garin nan, wa ya yi muku wasiyya da ruwan hoda da kore shar a bango ɗaya, sannan a kafa ginshiƙai biyu na siminti a shafa musu ruwan zinare? Duk sabuwar unguwar da ka shiga abin ɗaya ne, ga tayil ɗin banɗaki an manna a fuskar gida.